Masu Karanta Ƙafa

Wanda ya san aikin jijiyoyin ƙafa ba ya duba mutum a kwance. Yakan ce, "Baba, daure ka miƙe, ka naɗe wandon har cinya." In mace ce, ma'aikaciyar jinya ta ja labule ta ce, "Hajiya, tsaya nan, ki ɗora nauyinki kan ɗaya ƙafar, ki saki wannan." Kumburarriyar jijiya lafawa take yi da zarar an kwanta. Jinin da ya cika ta ya zurare ya koma ciki, ƙafa ta yi sumul. Sai an tsaya, nauyin jini ya sauko, sannan take fitowa a murɗe, ta bi sharaɓa ta hau cinya, wani wuri ta yi ƙulli-ƙulli. Daga wannan tsayuwa ta 'yan mintoci gwani yake fara karatunsa. Duk abin da zai biyo baya, ɗauri ne ko allura ko wuƙa, a kan abin da ya karanta zai tsayu.

Wannan karatu ne yake sa ni ganin girman masu sana'ar, kuma amfaninsa ya fi fitowa a gari irin Doka. Doka tana jihar Gadarif a gabashin Sudan, kan titin da ya bar birnin Gadarif ya nufi Galabat, bakin iyakar Habasha. Ƙasa ce ta baƙar laka mai tsattsagewa da rani, ƙasar dawa da riɗi da ƙaro. Jihar cike take da Hausawa, jikokin mahajjatan da suka taho a ƙafa suka yada zango, da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. A can, kamar sauran Sudan, dawali ake ce wa wannan kumburi. Mutanen wurin da ƙafa suke ci. Mai yankan riɗi da lauje, da mai dako a kasuwar amfanin gona, da matar da ke kai-komo tsakanin murhu da rijiya, in ƙafa ta ƙi, abinci ya tsaya.

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfinta, gangara kuma ba ta da wuya. Dawowar ce aiki. Jinin da ya kai yatsu sai ya hau sama fiye da mita 1 kafin ya koma ƙirji, kuma babban mai tura shi daga ƙasa shi ne naman sharaɓa. Kowane taku naman yana matse jijiyoyin da ke cikinsa, ya cilla jini sama. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙyamare na tantani, bibbiyu suna fuskantar juna, waɗanda sama kawai suke buɗewa. Jini ya wuce su rufe, kada ya dawo. Fabricius, malamin likitanci a Padua ta Italiya, ya wallafa bayaninsu a 1603. Ɗalibinsa William Harvey ya kafa hujja da su a 1628 cewa jini zagaye jiki yake yi. Mutum in ya tsaya cak, nauyin jini a idon sawunsa yakan kai wajen 90 a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi. Ya yi 'yan taku kaɗan, sai ya faɗo ƙasa da 30. Shi ya sa mai yawo cikin gona ya fi mai tsayuwa wuri guda sauƙi, irin malamin aji da mai aski da mai jiran shago.

Jijiyoyin da ke mayar da jini kashi biyu ne. Akwai na can ciki, tsakanin nama da ƙashi, su ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100 na aikin. Akwai na ƙarƙashin fata. Babbarsu ta tashi daga idon sawu ta ciki, ta bi gefen gwiwa, ta hau har inda cinya ta haɗu da mara, nan ta zuba cikin ta ciki. Babu jijiyar da ta kai ta tsawo a jikin ɗan Adam. Ƙaramar kuwa ta bayan sharaɓa take bi, ta nutse a bayan gwiwa. In ƙyamaren ɗayansu suka saki, jinin da aka tura sama sai ya riƙa komowa ƙasa ta cikinta, rassanta su cika, su buɗe, su murɗe. Gado yana kawo wannan, da yawan ɗaukar ciki, da shekaru, da ƙiba, da tsohon gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar ciki. Wani bincike da aka yi a birnin Edinburgh, aka buga a 1999, ya samu kumburin a jikin maza 40 cikin 100 da mata 32 cikin 100. Denis Burkitt kuwa, likitan tiyatar da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta a 1972 cewa ba kasafai ake ganin ciwon a ƙauyukan Afirka ba, ya danganta hakan da abinci mai dusa wanda ba ya sa yunƙuri a bayan gida. Ko ma dai ƙalilan ne, wanda abin ya sama a karkara ba ya zuwa asibiti don ƙafarsa ta yi muni. Yana zuwa ne bayan fata ta yi baƙi ta taurare, ko gyambo ya ɓarke.

Ga inda gwaninta take farawa. Jijiyar da ido ke gani a sharaɓa sau da yawa ba ita ce mai laifi ba. Magini ya san haka game da soro mai yoyo: inda ruwa ke ɗiga a ɗaki daban, inda rufi ya tsage daban, kuma wanda ya yaɓe wurin ɗigar ya bar tsagar zai sake kiran magini damina mai zuwa. Mai karanta ƙafa sama yake hawa ya nemo ƙyauren farko da ya saki. A da, da hannu da igiya ake yi. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar har jijiyoyin su zube, a ɗaure saman cinya da roba, a ce ya miƙe. In jijiyoyin suka zauna a lafe, aka kwance robar suka cika nan take daga sama, to yoyon daga saman cinya yake. Friedrich Trendelenburg na Jamus, wanda ake kiran gwajin da sunansa, shi ne ya yaɗa ɗaure babbar jijiyar a cinya wajen 1890. Daga baya aka samu 'yar na'urar hannu da ake ɗorawa a fata a ji ƙarar gudun jini. Yau kuwa gani ya kori ji. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, tana nuna jijiyar da inda jinin ya dosa, ja ko shuɗi a kan allo.

Kallon mai wannan sikanin yana aiki abin sha'awa ne. Yana zaune kan 'yar kujera a gaban mara lafiya, hannu ɗaya riƙe da kan na'urar, ɗayan a kan sharaɓa. Ya matsa, jini ya yi sama, launi ya cika allo. Ya saki, ya zuba ido. Lafiyayyen ƙyaure nan take yake rufewa, launin ya ɗauke. In jinin ya ci gaba da komowa ƙasa fiye da rabin daƙiƙa, ƙyauren ya mutu. Haka zai bi ƙafar daga sama har ƙasa, yana ɗiga alama da alƙalami a kan fata, har ya zana taswirar hanyar da jinin ke ɓacewa. Kafin ya ajiye na'urar akwai tambayar da ba ya tsallakewa: jijiyoyin ciki a buɗe suke? Yakan danna su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayya tana lotsewa ta haɗe baki. Wadda gudan jini ya toshe ba ta lotsewa. In na ciki sun toshe, kumburarrun nan na waje su ne kaɗai hanyar da ta rage wa jini, kuma wanda ya cire su ya jefa ƙafar cikin masifa. Sanin jijiyar da ba a taɓawa rabin sana'ar ne.

A yanki irin Gadarif karatun ya fi haka faɗi, domin ba kowane gyambo ne na dawali ba. Gyambon jijiya yana da wurin zamansa, ɗan sama da idon sawu ta ciki. Ba shi da zurfi, bakinsa ba a daidaice yake ba, yana tsatsar ruwa, fatar da ke kewaye ta yi duhu ta yi tauri, kuma mai shi yakan ji sauƙi in ya ɗaga ƙafar. Wanda rashin isar jini ya kawo a yatsu ko dunduniya yake fitowa, mai zurfi, ƙafar ta yi sanyi, ciwon ya tsananta da dare har mutum ya sauko da ƙafar daga gado yana lilo da ita. Na mai ciwon suga a tafin ƙafa yake, sau da yawa ba zafi. Na mai sikila yakan kama saurayi ko budurwa a idon sawu da azaba mai tsanani. Sannan akwai maisetoma, wadda ke shiga ta sukar ƙaya, ta kumbura ƙafa a hankali, ta huda ƙofofi masu fitar da 'yan ƙwayoyi. Sudan ta san ta sosai, har Jami'ar Khartum ta kafa mata cibiya a Soba a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmad Hassan Fahal. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani guba ne ga wani. Ɗaurin da ke warkar da gyambon jijiya, in aka yi wa ƙafar da jini ba ya isarta, zai iya kai ta ga yankewa. Saboda haka kafin a ɗaura komai ake awon jini a dantse, a auna a idon sawu, a raba na ƙasa da na sama. In amsar ta gaza 0.8, ba a yin cikakken ɗauri.

Ɗaurin nan, wanda mutane ke rainawa don ba wuta ba inji, ni a wurina shi ne ƙololuwar aikin hannu a duk fannin. Wanda bai sani ba cewa zai yi naɗa bandeji ne kawai. Gwana kuwa da awo take farawa. Ta zagaya idon sawu da tef, domin ƙafar da kaurinta bai kai santimita 18 ba sai an ƙara mata auduga, in ba haka ba ɗaurin ya ci ta. Ta wanke gyambon, ta shafa mai a busasshiyar fata, ta rufe ciwon da ƙyalle marar mannewa. Ta shimfiɗa auduga a kan ƙashin ƙwauri da idon sawu da agara, wuraren da ba nama. Sannan ta ce, "Kawu, ɗago yatsun, ka tanƙwaro su wajen fuskarka," don kada bandejin ya tattare a wuyan ƙafa in an fara tafiya. Ta fara daga gindin yatsu, ta rufe dunduniya, ta yi sama, kowane zagaye yana hawa rabin wanda ya gabace shi, har ta tsaya yatsu biyu ƙasa da bayan gwiwa.

Sirrin yana cikin jan. Abin da ake nema shi ne matsi ya fi yawa a idon sawu, wajen 40 a ma'aunin hawan jini, ya riƙa raguwa har ya koma ƙasa da rabin haka a gindin gwiwa, don jini ya ga sama ta fi sauƙi. Sabon hannu yakan ɗauka sai ya ja da ƙarfi a ƙasa ya sassauta a sama. Gwana ta san ba haka ba ne. Ja ɗaya take yi daga farko har ƙarshe, siffar ƙafar ta yi sauran aikin, domin ja iri ɗaya ya fi matse siririn wuri fiye da kakkaura. Riƙe ja ɗaya a zagaye da yawa, a kan ƙafar da ba a miƙe take ba, ba na'urar awo sai abin da tafin hannu ke ji, wannan ba a koyonsa a wata guda. Salon da ya fi shahara shi ne mai hawa 4 da aka ƙirƙiro a asibitin Charing Cross na Landan a shekarun 1980, wanda kan yi mako guda a ƙafa. Akwai kuma wanda ya girme shi, na Paul Gerson Unna, likitan fata na Hambag a ƙarshen ƙarni na 19: ƙyalle da aka jiƙa da kwaɓin sinadarin zinki, ya bushe ya yi tauri, duk takun da aka yi naman sharaɓa ya tokare shi ya tura jini sama.

Rabin aikin gwanar kuma da baki ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Gadarif yakan wuce digiri 40, ɗaurin yana ƙaiƙayi, mutum yana so ya yi alwala ya wanke ƙafa. Da yawa a nan suke kwancewa, aikin mako ya rushe. Wadda ta san mutanenta tun farko take gaya musu cewa malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin rauni, ta ce su tambayi limaminsu su ji. Ta gaya musu alamun da ke sa a kwance ba tare da jiran kowa ba: yatsu su yi sanyi, ko su canza launi, ko su mutu, ko ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu. Ta ce a yi tafiya, kada a kwanta, in an zauna kuma a ɗora ƙafar ta fi ƙugu tudu. Bayan gyambo ya rufe sai safar matsi, wadda ake sawa da sassafe kafin ƙafa ta kumbura. Safa tana rage nauyi da kumburi da ɗaurewar dare, amma ba ta gyara ƙyauren da ya mutu. Mai gaskiya yakan faɗi wannan ƙarara.

Gyaran asali shi ne a kawar da jijiyar da ke yoyo, jinin ya koma bin na ciki. Tunanin tsoho ne. Wata takardar likitancin Masar ta wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta ambaci waɗannan jijiyoyi ta kuma yi gargaɗi kada a yanka su. Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake tsaga fata wuri-wuri a zaro jijiyar. Tiyatar zamani ba ta yi nisa da shi ba. A tsaga saman cinya, a ɗaure babbar jijiyar a mahaɗarta, a zura waya a cikinta irin wadda Babcock na Amurka ya fito da ita a 1907, a fizgo ta. Gwani a gwiwa yake tsayawa, ba ya kaiwa idon sawu, domin daga gwiwa zuwa ƙasa akwai jijiyar ji manne da ita, in aka taɓa ta gefen ƙafa ya mutu. Rassan da suka rage kuma da ɗan ƙugiya ake zaro su ta hudojin da ba su wuce milimita 2 ba, dabarar Robert Muller na Suwizalan tun shekarun 1950. Aiki ne mai kyau har gobe, kuma duk asibitin da ke da likitan tiyata da mai ba da allurar kashe jiki zai iya yinsa. Sai dai akwai kwanciya da ƙurji da makonnin hutu.

Daga 1999 aka koma ƙona jijiyar daga cikinta. Ana huda ta kusa da gwiwa, sikanin yana nuna hanya, a zura siririyar waya har ta rage kamar santimita 2 ta isa mahaɗa. Wata da hasken leza take aiki, wata da zafin lantarki mai kai digiri 120, tana dafa santimita 7 a kowace daƙiƙa 20. Wurin da ake gane gwani a nan shi ne kafin a kunna wutar. Sai ya bi jijiyar da allura yana zuba ruwa mai maganin kashe zafi a kewayenta, har ta zauna tsakiyar ruwa daga sama har ƙasa. Ruwan yana kashe zafi, yana matse jijiyar ta rungumi wayar, yana kuma tsare fata da nama daga ƙuna. Fiye da 90 cikin 100 na jijiyoyin da aka yi wa haka suna rufewa, mutum ya tashi ya taka zuwa gida ran nan. Akwai ma wani gam da Amurka ta amince da shi a 2015 wanda ake liƙe jijiyar da shi. Hukumar da ke tsara jagororin magani a Ingila ta jera hanyoyin a 2013: a fara da zafi, in bai yiwu ba allurar kumfa, in bai yiwu ba wuƙa. Jeri ne mai hujja. Amma wayar nan sau ɗaya ake amfani da ita a yar, kuɗinta na waje ne, injin kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da kumfa. Yi wa jijiya allurar da za ta ƙone bangonta ta shafe ya daɗe, amma sakamakonsa bai yi daɗi ba sai da George Fegan na Dublin ya gyara shi. Ya yi aikin a kan dubban mutane, da yawansu mata daga asibitin haihuwa na Rotunda, ya buga bayaninsa a 1963. Ƙa'idarsa ita ce a zubar da jinin jijiyar tukuna, a yi allurar, a matse nan take, a bar ɗauri makonni 6, a yi ta tafiya kullum. Matsalar ruwan maganin ita ce jini yana tsarma shi ya kashe ƙarfinsa kafin ya taɓa bango. Juan Cabrera na Sifen ya nuna a shekarun 1990 cewa in aka mai da shi kumfa labari ya canza. A 2000 kuma Lorenzo Tessari na Italiya ya fito da hanyar da kowa zai iya yi da kayan da ke kowane ɗakin magani. Sirinji 2 da 'yar mahaɗa mai baki 3. Ɗaya da maganin, irin su polidokanol, kashi 1. Ɗayan da iska, kashi 4. A tura daga wannan zuwa wancan wajen sau 20, sai ga farar kumfa mai kauri. Ita ba ta gauraya da jini, ture shi take yi ta zauna a wurinsa, ta shafi bango ko'ina. Kuma a allon sikanin fari fat take fitowa, mai yi yana ganin inda ta kai.

Kayan ba tsada, amma hannun sai mai tsada. Dole bakin allura ya zauna tsakiyar jijiyar da wani lokaci ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba, ido yana kan allo, ba kan hannu ba. In ya kuskure ya zuba a jijiyar da ke kai jini, naman da take ciyarwa zai mutu. Kumfar minti ɗaya ko biyu take yi ta fara narkewa, don haka sai an gama shiri, an ɗaga ƙafa, sannan a kaɗa ta. Ba a wuce mililita 10 a zama ɗaya. Mai yi yana kallon farin yana tafiya, da ya ga ya doshi jijiyar ciki sai ya tsaya, ya ce wa mara lafiya ya riƙa motsa wuyan ƙafa don jinin ciki ya wanke abin da ya tsallaka. Yakan kuma faɗi abin da zai iya biyowa: wasu su ga walƙiya a ido ko su ji ciwon kai na ɗan lokaci, jijiyar ta yi tauri tana zafi, wani wuri jini ya maƙale sai an tsotse shi da allura bayan makonni. Kumfa ba ta kai zafi ko wuƙa ɗorewa ba. Wani gwaji a Birtaniya mai mutum 798, da aka bi su shekara 5 aka buga sakamakon a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa leza ko tiyata sun ɗan fi jin daɗin ƙafarsu. Amma abin da ya sake buɗewa ana sake rufe shi a rabin sa'a, ba kwanciya. Ga manomin da ba zai bar gona makonni 3 da kaka ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙananan jijiyoyin nan masu kama da saƙar gizo, waɗanda ba su kai milimita 1 ba, yawanci kwalliya kawai suke ɓatawa. Sun fi fitowa a farar fata, kuma man bilicin mai sinadarin sitiroyid yana sirantar da fata ya fito da su, abin da mata a Gadarif da Kano ya kamata su ji. Ana yi musu allura da bakin da ya kusa gashi siranta, da tabarau mai ƙara girma, da magani mai rauni. Gwani yakan nemo 'yar shuɗiyar jijiyar da ke shayar da saƙar, ya fara da ita. In bakin ya shiga daidai, sai ka ga saƙar duka ta ɓace a gaban idonka, maganin ya kori jinin. Za ta dawo ta yi muni na makonni kafin ta dushe, kuma akan yi zama 2 ko 3. A baƙar fata akwai hattara ta musamman: tabon duhu yakan biyo layin allurar ya yi watanni, wani har shekara. Lezar da ake haskawa ta saman fata kuma launin fatarmu yana shan ta, ta ƙona ko ta bar fari, sai mai tsawon zango 1064 ce ta fi aminci. Likitan da ya ce wa baƙar mace, "Yaya, wannan ki bar shi, tabon zai fi shi fitowa," ya san aikinsa. Haka wanda ya ce wa mai ciki ta sa safa ta jira, domin yawancin abin da ciki ya kumbura yana lafawa watanni kaɗan bayan haihuwa.

Ga mai gyambo kuwa jira ba alheri ba ne. Gwajin da aka yi a Ingila da mutum 450, aka buga a 2018, ya kwatanta waɗanda aka yi wa ɗauri kaɗai da waɗanda aka haɗa musu da rufe jijiyar cikin makonni 2. Na farko sun warke a matsakaicin kwana 82, na biyu a kwana 56. Wani da ya gabace shi a 2004 ya nuna gyara jijiyar yana rage dawowar gyambo cikin shekara daga 28 cikin 100 zuwa 12.

Doka ba baƙuwar aikin likita mai zurfi ba ce. Masu bincike a duniya sun san sunanta saboda kala-azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa, da cibiyar da ke ɗauke da sunan Farfesa Ahmad Muhammad Al-Hassan, inda aka gwada sababbin magungunansa. A kusa da ita ne aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a Nuwamban 2020 don 'yan gudun hijirar Tigray. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe manyan asibitocin Khartum da yawa, ya turo dubban ɗaruruwan mutane jihar Gadarif. A irin wannan hali ba wanda zai sa kumburin jijiya a gaban layi, kuma daidai ne. Amma abin da aikin ke buƙata a matakin farko kaɗan ne: tef, auduga, bandeji mai kyau, ma'aunin jini, 'yar na'urar jin gudun jini, da ma'aikacin da aka zaunar aka koya masa ja ɗaya. Wanda karatunsa ya nuna yana buƙatar kumfa ko wuƙa sai a tura shi asibitin koyarwa na Gadarif da taswirarsa a hannu.

Akwai abu ɗaya da kowane gida ya kamata ya sani, har da wanzamai, waɗanda sau da yawa su ake fara kai wa ƙafar. Kumburarriyar jijiya ba wurin tsaga ba ce, ba wurin ƙaho ba, ba wurin sakiya ba. Jinin da ke cikinta ba mataccen jini ba ne da za a zubar a huta. Yana haɗe da duk jinin jiki, ba kuma ƙyauren da zai tare shi. In ta fashe, ko da ƙaya ko kaifin lauje ko susa, jinin tsartuwa yake yi, mutum yana tsaye yana iya zubar da abin da zai kashe shi. Kada a ɗaure saman ƙafar da igiya, wannan ƙara zubar yake yi. A kwantar da shi ƙasa, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a ɗora tsaftataccen ƙyalle a kan hudar a danne da yatsa minti 10 ba ɗagawa, sannan a naɗe da ƙarfi a kai shi asibiti. Jijiyar da ta taɓa fashewa tana sake fashewa, don haka mai ita yana cikin waɗanda za a fara yi wa sikanin a rufe ta.